Lemun Sista da Ƙasar Mai Taki

"Ƙara masa! Ƙara masa dai, ki ƙarasa shi ya huta!"

Sista ba ta ɗaga kai ba. Ta san muryar, ta kuma san inda mai ita yake tsaye: a kan tsohon bulon nan da yake takawa ya leƙo ta saman katanga, ya ɗora haɓa a kan siminti sai ka ce an ba shi gadin gidanta. Ta ci gaba da tsiyaya ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta a gindin ɗan lemun tsamin, da safar roba a hannunta, har tsutsotsin ƙasa guda ukun da ta gani suka daina motsi.

"Tana ce fa kika kashe," in ji tsohon. "Ita ke huda miki ƙasa iska ta shiga. Kyauta take miki aiki, ke kuma kin saka mata da guba."

"Tsutsa tsutsa ce. Shekara talatin da biyu na yi ina aikin asibiti, ban taɓa ganin inda tsutsa ta warkar da wani ba. Kuma ka sauka min daga katanga."

"Rabinta tawa ce."

"To ka ɗauke haɓarka daga rabina."

Haka suke, kullum ta Allah. Duk layin Mai Taki ake ce wa tsohon, don tun kafin a haifi rabin mutanen unguwar yake bi gida gida da buhu yana karɓar ɓawon ayaba da ɓawon ƙwai da kashin kaji, ya kai wani rami da ya haƙa a bayan gidansa, a jikin katangar da ta raba su. Ita kuwa Sista, ko da ta yi ritaya, sunan aikin bai bar ta ba, halin ma bai bar ta ba. Mace ce da ke goge hannun ƙofa bayan baƙo ya fita. Ka ga kuwa zama tsakanin waɗannan biyun ai sai dai haƙuri, kuma babu mai shi a cikinsu.

Lemun shi ne abin faɗan. Maigidan Sista ne ya shuka ƙwallonsa a cikin wani tsohon bokitin fenti, ya rene shi shekara biyu har ya kawo masa ƙugu. Mutum ne mai sanyin hali, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ba ya musu da kowa, balle matarsa. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Tufafinsa an rabar, kekensa wani ɗan'uwa ya ɗauke, littattafansa 'ya'ya sun kwashe. Abin da ya rage a gidan mai rai wanda hannunsa ya taɓa, lemun nan ne kaɗai. Sista ba ta taɓa shuka ko albasa ba a rayuwarta, amma ta rantse ba zai mutu a hannunta ba.

Sai ta yi masa gatan da ta iya. Ta ce ba zai zauna a bokiti kamar maraya ba, ta sa aka haƙa masa rami a bayan gida, daidai inda magina suka bar jar laka da ɓaraguzai. Da ta zare shi daga bokitin ta ga baƙar ƙasa manne da saiwoyinsa, har da ruɓaɓɓun ganyaye, sai tsigar jikinta ta tashi. Ta kai shi gindin famfo ta wanke saiwoyin tas, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dasa shi. Ruwa sau uku a rana, safe da rana da yamma, ba ta saɓa lokaci. Takin zamani cokali guda duk mako. Ganye in ya faɗo, kafin ya gama taɓa ƙasa tsintsiya ta riga ta ɗauke shi. Gindin bishiyar nan sumul yake, kana iya shimfiɗa tabarma.

Ganye arba'in da uku ne a jikinsa ranar da ta dasa shi. Yanzu saura sha tara, su ma duk sun yi rawaya.

Kuma ita ta san mai laifin. Wane ne in ba ramin ƙazantar can ba? Daga nan ƙudaje ke tasowa, daga nan tsutsa ke rarrafowa ta ƙarƙashin katanga. Washegari ta goge farin mayafinta, ta ɗauki jaka, ta nufi ofishin duba-gari.

Ranar da duba-garin ya zo, rabin layin ya taru a ƙofar Mai Taki. Mutumin ya shiga da fayil a hammata, Sista na biye da shi, ta rufe hanci da gefen mayafi. Tsohon bai yi gardama ba tukuna. Ya durƙusa da ƙyar, ya ture busasshen ganyen da ke saman ramin, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo wani abu baƙi mai laushi ya kai wa duba-garin hanci.

"Shinshina, ɗana. In ka ji wari, ni da kaina zan cike shi."

Duba-garin ya shinshina. Ya sake shinshinawa.

"Gaskiya, Baba, ƙamshin ruwan farko yake yi."

"Ƙamshi aka aiko ka ji?" Sista ta katse shi. "Ramin shara ne a jikin katangar gidan mutane, ko ba shi ba ne? Doka ta yarda ko ba ta yarda ba? In ba ka sani ba ka faɗa, ni na san ofishin shugabanka."

Ai kuwa mutumin ya sunkuyar da kai ya buɗe fayil. Kafin la'asar an zuba wa ramin farar ƙasa da ɓaraguzan gini, an daddaɓe. Mai Taki ya tsaya yana kallo, ya dafa bango.

"Shekara arba'in," ya ce. "Allah ya isa, Sista."

"Allah ya isar wa mai gaskiya."

A nan ne idonta ya sauka a kan ƙafafunsa. Sun kumbura har sun shanye igiyar silifas ɗinsa, fatar tana ƙyalli. Ta ga yadda yake jan numfashi tsakanin kalma da kalma. Wallahi ta gani, kuma ta san ko mene ne, don ta ga ɗaruruwan irinsa a gadon asibiti. Kalma biyu ce kawai za ta faɗa wa autarsa da ke tsaye a gefe, ku kai shi a duba zuciyarsa, amma ba ta faɗa ba. Ta ja mayafinta ta fita.

Mako uku babu haɓa a saman katanga. Sista ta ce ta huta. Ƙudaje ma sun ragu, ta lura da wannan ta kuma gaya wa duk wanda ya tsaya saurare. Sai dai lemun bai san an yi nasara ba. Ganye sha tara suka koma sha biyu, suka koma bakwai. Ta ƙara ruwa ya zama sau huɗu. Ta ƙara cokali. Takan tsaya a kansa da safe tana jin tsoro tsagwaronsa, amma ko a ranta ba ta yarda ta kira shi da sunansa ba.

Wata rana bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Autar Mai Taki ce, wadda ta baro gidan mijinta ta dawo jinyar uban.

"Sista, don Allah ki yi haƙuri. Mun kwana huɗu a asibiti an sallame mu. Sun rubuta allura kullum, ni kuma ban iya ba. Baba ya ce gara ya mutu da in kira ki. Ni dai na zo."

Sista ta so ta ce a'a. Amma mai aikin jinya ko ta ƙi mutum, ba ta iya ƙin allurarsa. Ta ɗauko jakar kayan aikinta.

Ɗakin tsohon na can ƙarshen gida, dole sai ka ratsa lambun. Ranar duba-gari ba ta kalli komai ba sai ramin. Yau da ta taka gefen wani fangali, takalminta ya nutse kamar ta taka katifa. Ga tumatir, ga barkono, ga latas, kore shar, alhali mako uku babu mai kula da su. Ko'ina busasshen ganye ne a barbaje, abin haushi. Ta ɗage zanenta ta wuce.

Yana zaune a kan gado an tokare shi da matasai uku, don ba ya iya kwanciya. A kan taga gwangwanaye ne jere, cike da iri. Ƙarƙashin gado tsohuwar fartanya ce wadda ƙotarta ta yi santsi.

"Wa ya kira wannan?"

"Miƙo hannu," in ji Sista.

"Kin zo ƙarasa ni kamar lemun?"

"In da ƙarasa ka zan yi da ban wanke hannu ba. Miƙo."

Ta auna jininsa, ta danna ƙafarsa da babban yatsa, ramin yatsan ya zauna bai ciko ba. Ta yi masa allurar, ba da tausayi ba amma da ƙwarewa, ko jin shigarta bai yi ba. Tana haɗa kaya ya ce:

"Saura ganye nawa?"

"Ba ruwanka."

"Gobe ki ɗebo min ƙasar gindinsa cikin hannu guda."

"Ba zan ɗebo ba."

Ta ɗebo. A cikin leda biyu, ɗaya cikin ɗaya, ta ajiye masa a kan bargo kamar ba ita ta kawo ba. Tsohon ya zazzage a tafin hannunsa ya damƙe. Da ya buɗe, ƙasar ta zama curi guda mai santsi, shatin yatsunsa kwance a jiki. Ya dangwale ta da yatsa, ba ta fashe ba. Ya kai hanci, ya kawar da kai.

"Warin asibiti," ya ce. "Gawa kika kawo min. Auta, ɗebo ta fangalin barkono."

Auta ta kawo. Ya damƙe ita ma, ta haɗu, ya taɓa ta kaɗan sai ta warwatse kamar garin burodi.

"Kin gani? Ƙasa in ta ƙi haɗuwa, yashi ne, ba ta riƙe ruwa. In ta haɗu ta ƙi rabuwa, laka ce, ba ta sakin ruwa. Ƙasarki laka ce. Ramin da kika haƙa tukunya ce, kin zaunar da shi a ciki kina ɗura masa ruwa sau uku."

"Huɗu," ta ce, ba ta san ta faɗa ba.

"Huɗu! Kai, jama'a!" Dariya ta sarƙe shi da tari, sai da Auta ta shafa masa baya. "Ba ƙishi yake ji ba, nutsewa yake yi. Saiwa numfashi take kamar ni da ke. Sannan kina watsa masa takin zamani. Ke da kika yi asibiti, mai amai ake ɗura wa nama? Ganyen da zai ruɓe ya ciyar da ƙasar kin share. Tanar da za ta huda lakar kin kashe. Me kika bar masa?"

Sista ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Shekara talatin rabon da wani ya yi mata magana haka.

"A bokiti lafiyarsa ƙalau," ta ce. "Ƙudajenka ne suka…"

"A bokiti ƙasata ce."

Sista ta ɗago ta dube shi. Tsohon ya ci gaba.

"Mijinki, Allah ya jiƙansa, duk ranar da kika tafi kasuwa sai ya zagayo da kwano. Daga ramin da kika sa aka cike yake ɗiba. Mu zauna a bakin ramin mu yi hira, in zai tafi ya wanke hannu sau biyu, ya ce kada Sista ta gani. Mutumin kirki. Tsoronki yake ji kamar me. Ina ƙasar da ke jikin saiwar?"

Ta sunkuya tana gyara kayan jakarta. Ya sake tambaya.

"Ina take?"

"Na wanke."

Tsohon ya rufe ido. Da ya zage ta ma da ya fi mata sauƙi. Can ya buɗe, ya yi magana a hankali, yana hutawa tsakani. Ya ce ta daina ba lemun ruwa yau ɗin nan, sai in ta zura yatsa har gaɓa biyu ta ji a bushe. Ta daina cokalin nan. Amma wannan duk jinkiri ne kawai. In tana son ya rayu, sai ta tono shi, ta yanke saiwar da ta ruɓe, ta mayar da shi bokiti mai huji a ƙasa, cikin ƙasa mai rai, ta ajiye a inuwa. Yin sabon taki wata uku ne, lemun kuwa ba shi da wata uku.

"Ni ma ba ni da su," ya ce. "Ga fangalina can, bokiti ɗaya ya ishe ki. Amma wallahi ko cikin cokali ba za ki ɗiba ba sai kin buɗe baki kin ce, Baba, na yi kuskure, ka sam min ƙasa."

"Baba, haba," in ji Auta.

"Yi min shiru. A gaban mutane ta tozarta ni. Ni a ɗaki kawai na ce."

Sista ta miƙe ta zuge jakarta.

"Ni ban taɓa roƙon shara ba, ba kuma a kanka zan fara ba. Auta, a rage masa gishiri."

Ta daina ba lemun ruwa, wannan kam ta yi, don babu mai gani. Kwana biyu tana zuwa ta yi allura ta fita, ba ta ce ba, bai ce ba. Yakan bi ta da ido har ƙofa. A rana ta uku da safe ta tarar da ganye biyu a ƙasa, saura biyar. Ta tsaya a kansu ta daɗe. To, ta ce a ranta, kalma nawa ce? Za ta faɗa. Za ta faɗa da sauri, tana soka allurar, yadda ba sai ta kalle shi ba. Har ta wanke bokitin fentin ta kife. Bari dai ta gama goge falo, kada ta bar gida a haka.

Tana matse tsumman goge-goge ta ji kukan Auta ya tsallako katanga.

Da hannunta ta rufe masa ido, ta daidaita masa ƙafafu, don babu wanda ya iya a gidan. Bakinta na salati, zuciyarta kuwa haushi ne fal. Haushinsa take ji da ya kasa jiran rabin sa'a, haushin falon, haushin kanta fiye da duka. Aka kai shi makwancinsa kafin rana ta yi zafi. Ta ratso lambun za ta koma gida, masu gaisuwa cike da tsakar gida, kuma ba a ɗibar ƙasar mamaci a gaban masu kuka.

Ba a yi mako biyu ba babban ɗansa, mai shagon taya a bakin titi, ya kawo magina. Shaguna uku zai yi a wurin lambun. Sista na jin su ta katanga suna tumɓuke barkono, shebur na shiga ƙasar ba tare da ƙara ba. Leburori suka riƙa turo baro suna juyewa a bakin layi, tsibi guda baƙi ƙirin, a gefen kwata. Ta ji ɗaya yana cewa tifa za ta zo kwashewa kafin azahar.

Ganye uku suka rage.

Ta ɗauki babban daron wankinta ta fito. Wani mai shago a layin yana ƙofarsa, matan layi biyu suna dawowa daga cefane, kowa ya tsaya. Ba ta kai ga tsibin ba ɗan marigayin ya fito yana karkaɗe hannu.

"Lafiya, Sista? Ko ita ma ƙarar za a kai? Yi haƙuri, yanzu za a kwashe miki ƙazantar."

"Ɗiba zan yi."

"Ɗiba?" Ya juya ga leburorin. "Kun ji fa. Wadda ta sa ubana tsayuwa a rana yana kallon ana binne aikinsa na shekara arba'in. Tun ranar bai sake shiga lambun nan ba. Kin sani?"

"Na sani."

"Kuma ke ma'aikaciyar jinya ce. Auta ta ce kin kalli ƙafarsa ranar. Kin gani ko ba ki gani ba?"

Duk layin na saurare. Sista ta riƙe daron da hannu biyu.

"Na gani," ta ce. "Na yi kuskure. Don Allah ka sam min ƙasa."

Muryarta ta fito siririya, ba irin wadda ta tsorata duba-gari da ita ba. Mutumin ya dube ta, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ba ni za ki roƙa ba. Wanda za ki roƙa kwana sha biyu ke nan da muka binne shi."

Ya juya ya shige gida, bai ce ɗebi ba, bai ce bari ba. Wani lebura ya miƙo mata shebur, ta girgiza kai. Ta durƙusa a bakin kwatar, gwiwoyinta na ƙara, ta zura hannuwanta biyu cikin tsibin. Da ɗumi a ciki. Ta yi ta ɗiba tana zubawa, ba ta kalli kowa ba, ba kuma wanda ya yi dariya, har daron ya cika. Babu wanda ta yarda ya ɗora mata, jansa ta yi a ƙasa har cikin gida.

A bayan gida ta tono lemun da cokalin girki, a hankali, tana zagaye gindin. Lakar ta sake shi da ƙyar, da wani wari mai tsami. Saiwoyin baƙaƙe ne, lugub, tana taɓawa suna saɓulewa a yatsunta. Ta ɗauko almakashin aikinta ta fara yankewa. Ta yanke wannan, ta yanke wancan, har ta fara jin cewa babu abin da zai rage. Hawaye ya hana ta gani, ta goge da bayan hannu ta bar baƙin shati a kumatunta.

Can ƙasa, a ɓoye a bayan babbar saiwar, ta ga guda ɗaya fara, siririya kamar zaren ɗinki, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba.

A waje tifa ta iso tana ja da baya, leburori na yi mata ihu. Sista ta tallafe farar saiwar a tafin hannunta na hagu, ta sauke ta cikin bokitin, da na dama kuma tana yayyafa mata baƙar ƙasar kaɗan kaɗan, har ta rufe.